RA'AYI: Sunan jami'a ba ya sa hannu a kan zanen gada

Daga watan Maris zuwa Agusta, lokacin da jami'o'in ƙetare ke sakin takardun ba da gurbin karatu, akwai wata hira da kan zagaya ofisoshin Sakatariyar Tarayya da harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa ba tare da ta shiga ajandar kowane taro ba. Ɗan wane ya samu gurbi a Ingila, 'yar wance ta samu biyu, ɗaya a Kanada ɗaya a Malesiya, ga kuma wata jami'a a Amurka da ta yi alƙawarin rage kuɗi. Da yawa daga cikin yaran nan karatun injiniya suka nema, domin shi ne karatun da iyaye ma'aikata ke ganin ba ya faɗuwa ƙasa banza. Murna ta halatta, sai dai takardar gurbi hangen Dala ce, shiga birni yana gaba. Matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda ke biye da ita: a ɗauki ɗaya, a ajiye saura, sannan a tura kafin alƙalami da kuɗin waje, wanda sau da yawa idan ya tafi ba ya dawowa.

Yadda aka saba yanke wannan hukunci a gidaje da dama ba shi da wahala. A buɗe jerin jami'o'in duniya a intanet, a duba wadda ta fi kusa da sama, a ce ita za a je. In an yi kunnen doki, sai a zaɓi ƙasar da ta fi daɗin ambato a wurin ɗaurin aure. Ga wasu fannonin wataƙila wannan ma'auni ya wadatar, amma ga injiniya ma'auni ne gurgu. Tambayoyi biyu ne ya kamata su sha gaban suna. Ta farko, shin wannan kwas ɗin da aka rubuta a takardar zai mayar da yaro injiniyan da hukuma za ta yarda ya sa hannu a kan aiki? Ta biyu, shin aljihun da zai biya shekarar farko zai iya biyan ta ƙarshe?

Jerin QS, wanda aka fi kafa hujja da shi, yana ba da kashi 30 cikin 100 na makinsa ga ra'ayin malaman jami'o'i game da junansu, kashi 20 kuma ga yawan yadda masu bincike ke ambaton rubuce-rubucen malaman jami'ar. Rabin makin ke nan ya tafi ga suna da bincike. Mai neman digiri na uku yana da dalilin kula da wannan. Yarinya 'yar shekara 18 da za ta fara koyon lissafin ƙarfin ƙarfe da kankare kuwa, jerin ba zai gaya mata ɗalibai nawa za su yi cincirindo a kan na'ura ɗaya a ɗakin gwaji ba, ba zai kuma gaya mata ko farfesan da sunansa ya ɗaga jami'ar zai taɓa leƙa ajinsu ba. Jami'a kan yi fice a likitanci ko shari'a alhali sashenta na injiniyan lantarki rarrafe yake yi. Wata kuma da ba a san sunanta a Abuja ba tana zaune a gindin masana'antun motoci a kudancin Jamus, ɗalibanta suna shiga masana'anta tun kafin su gama.

Aikin injiniya, kamar likitanci da lauyanci, sana'a ce mai ƙofa da mai gadi. A Najeriya mai gadin ita ce COREN, hukumar da aka kafa da doka a 1970, kuma wanda ta yi wa rajista ne kaɗai doka ta sani a matsayin injiniya. A Amurka, hanyar da ta fi miƙewa zuwa lasisi a yawancin jihohi tana farawa ne da digirin da hukumar ABET ta tantance, sai jarrabawar farko, sai kimanin shekara huɗu ta aiki a ƙarƙashin ƙwararru, sai jarrabawa ta biyu. A Birtaniya, Engineering Council ce ke riƙe da rajistar, tana kuma aiki ta hannun ƙungiyoyin sana'a irin su ICE ta masu gine-gine, da IMechE ta masu injuna, da IET ta masu lantarki da fasaha. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan hukumomi kwas suke tantancewa, ba jami'a ba. Jami'a ɗaya na iya samun kwas ɗin injiniyan gine-gine da aka tantance, a gefensa kuma ga wani sabon kwas mai suna mai ƙyalli, na mutum-mutumi ko na makamashi, wanda ba a tantance ba tukuna. Haka nan tantancewar babban reshe ba lallai ta haɗa da reshen da jami'ar ta buɗe a Dubai ko Malesiya ba, kuma akan ɗaure ta da shekarun shiga na musamman. Dukkan waɗannan bayanai a buɗe suke a shafukan hukumomin, kyauta, binciken minti goma. Abin takaici, akwai mahaifin da a ofis ba zai taɓa amincewa da takardar ɗan kwangila ba sai ya ga shaidar rajista da ta biyan haraji, amma ya tura miliyoyi ga wata jami'a a kan hoton ginin da ya gani a ƙasidar talla.

Dalilin da ya sa tantancewar wata ƙasa ke da amfani a wata shi ne Yarjejeniyar Washington, wadda hukumomin injiniyoyi na Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostiraliya, Ailan da New Zealand suka ƙulla a 1989, inda suka amince su mutunta digirin da kowaccensu ta tantance. Daga baya wasu suka shigo: Afirka ta Kudu a 1999, Malesiya a 2009, Turkiyya a 2011, Indiya a 2014, Sin a 2016. COREN ta samu matsayin wucin gadi a cikin yarjejeniyar a 2023. Ma'anar wannan ga mai zaɓi tana da girma. Kwas ɗin da Hukumar Injiniyoyi ta Malesiya ta tantance, a idon yarjejeniyar, sa'an wanda aka tantance a Ingila ne, alhali tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta isa a yi wa ƙanen yaron nasa karatun. Jamus da wasu ƙasashen Turai ba ta wannan yarjejeniya suke tafiya ba, suna da nasu tsarin, kuma martabar injiniyan Jamus ba ta buƙatar mai gabatarwa. Amma su ma a duba wace hukuma ce ta amince da kwas ɗin.

A Ingila akwai wani tarko na daban da ke ɓoye cikin haruffa huɗu. Digirin BEng shekara uku ne, MEng kuma huɗu, a Sikotland kowanne ya ƙara shekara ɗaya. Mai son kaiwa ga babban matsayin rajista na Birtaniya, wato CEng, hanyar da aka saba ita ce ko dai MEng da aka tantance, ko BEng tare da ƙarin karatu na matakin digiri na biyu. Saboda haka takardar da ta ce shekara uku, wadda aka ga kamar ta fi arha, tana iya zama da shekara ta huɗu a naɗe cikin zaninta. Tun da digirin injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, hikima ce a rubuta wa COREN kafin a biya komai, a ambaci sunan jami'ar da ainihin sunan digirin, a nemi sanin matsayinsa idan mai shi ya dawo neman rajista, a kuma ajiye amsar.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, kuma ma'aikacin tarayya ya fi kowa cancantar gane shi. A Amurka da Kanada ana koyar da injiniyanci, ana kuma koyar da wani fanni mai kama da shi da ake kira fasahar injiniyanci. Kalma ɗaya ce ta raba sunayensu a takarda, amma ba ɗaya suke ba. Na farko ya fi zurfi a lissafi da ƙirƙirar zane, na biyu ya fi karkata ga aiwatarwa da sarrafa kayan aiki. Ko ABET kwamiti daban ta ware wa kowanne, kuma yarjejeniyar duniya da ta shafi na biyun daban ce, ita ce ta Sydney ta 2001. COREN ma rukuni-rukuni take yin rajista: injiniyoyi, masana fasaha, ƙwararrun ma'aikata, da masu sana'ar hannu. Duk wanda ya yi shekaru a ma'aikata yana kallon yadda bambancin HND da digiri ya tsayar da hazikan mutane a kan mataki ɗaya, na bayansu suna wuce su, ya san abin da kalma ɗaya a takarda ke iya yi wa rayuwar mutum. Fasahar injiniyanci karatu ne mai daraja ga wanda ya zaɓe shi ido buɗe. Abin da bai kamata ba shi ne uba ya sayo wa ɗansa wancan bambancin da dala, yana tsammanin ɗayan ya saya.

Idan yaro zai dawo gida, akwai ƙofofi biyu tun kafin ta COREN. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun digirin ƙetare, hukumar NYSC kuma tana binciken nata kafin ta tura mutum hidimar ƙasa, ba kuwa a ɗaukar mai digiri aikin gwamnatin tarayya sai da shaidar kammala hidimar ko ta yafewa. A watan Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Da dakatarwar ta zo, ba ta tsaya tambayar wanda ya yi karatun gaskiya da wanda ya saya ba. Arewacin Cyprus, wadda Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, tun 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kanta. Su kuma waɗanda aka kwaso daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 sun ga yadda karatu kan katse a tsakiya, da wahalar samun jami'ar da za ta ƙirga wa mutum shekarun da ya riga ya yi.

Sai a koma ga ita kanta takardar, a karanta ta kamar yadda ake karanta takardar kwangila. Gurbi ne tabbatacce, ko mai sharaɗi da ke jiran wani sakamako? Jami'o'i da yawa na Birtaniya ba sa shigar da mai WAEC kai tsaye shekarar farko, sai ya yi shekarar share fage, wadda a wurare da dama wani kamfani ne mai haɗin gwiwa da jami'ar ke gudanar da ita, kuma wucewa zuwa digirin ya danganta da makin da aka samu. A wasu manyan jami'o'in Amurka, irin su Purdue da Texas A&M, ɗalibi kan fara ne da shekarar injiniyanci ta bai-ɗaya, daga baya ya nemi fannin da yake so gwargwadon makinsa da guraben da ke akwai. Tsari ne mai ma'ana, amma yaron da ya bar Abuja da zummar zai zama injiniyan kwamfuta gara ya san cewa ba a riga an ba shi ba.

Batun kuɗi shi ne inda ake yawan yin rawar da gara ƙin tashi. A farkon 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin Naira 460. Bayan an saki Naira a watan Yunin shekarar, kafin a kai tsakiyar 2024 dala ta haura Naira 1,500. A ɗauki misalin kuɗin makaranta na dala 20,000 a shekara: da tsohon canji Naira miliyan 9.2 ne, da sabon kuwa miliyan 30, jami'ar ba ta ƙara ko sisi ba, albashin uban ma bai ninka uku ba. Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. A watan Mayun 2024 BBC ta ruwaito yadda wasu ɗalibai 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suka kasa biyan kuɗi a kan kari bayan faɗuwar Naira, aka dakatar da karatunsu, aka kuma umarce su da barin ƙasar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Lissafin da ya dace a yi kafin zaɓi shi ne na dukkan shekarun, da kuɗin makaranta, da masauki, da abinci, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi, da ƙarin da jami'o'i kan yi shekara-shekara, sannan a sake buga shi a kan canjin da ya fi na yau muni. Takardar da ba ta tsallake wannan gwaji ba, komai kyan sunan da ke samanta, a ajiye ta.

Su ma ƙasashen sun ɗaga shingen. Kanada ta ɗaga kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024, a watan Janairun shekarar kuma ta ƙayyade yawan izinin karatu da za ta riƙa bayarwa. Birtaniya tana karɓar fam 776 a kowace shekara kuɗin lafiya daga ɗalibi, a dunƙule tun wajen neman biza, tana kuma son ganin kuɗin zama sun kwana 28 a asusu. Jamus, wadda aka sani da karatu kusan kyauta a jami'o'in gwamnati, tana buƙatar a zuba Yuro 11,904 na shekara guda a asusun da ba a cira sai kaɗan-kaɗan duk wata. Kyautar ma ba ko'ina ba ce: jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munich kuma ta fara karɓar nata a 2024. Ga kuma harshe, domin yawancin digirin farko da Jamusanci ake yi. Duk da haka, ga yaron da zai iya ba harshen shekara guda ta rayuwarsa, da wuya a samu tayin da ya fi na Jamus sauƙi a kan aljihun ma'aikaci.

Kalmar tallafi ma tana buƙatar a tuɓe mata riga. Abin da jami'o'i da dama ke kira tallafin karatu ragi ne irin na ɗan kasuwa, fam dubu biyu ko uku daga kuɗin da ya haura dubu ashirin, wani lokaci na shekarar farko kaɗai. Wanda ake sabuntawa kuma yakan zo da sharaɗin riƙe wani maki, kuma shekara ta biyu a injiniyanci, inda lissafi ke nuna haƙoransa, ita ce shekarar da maki kan zube. Dogaro da cewa yaro zai yi aiki ya cike giɓi shi ma ganganci ne: a Birtaniya da Amurka awa 20 a mako doka ta yarje wa ɗalibi lokacin karatu, kuma mai ɗakin gwaji da aikin zane a gabansa ba shi da awa 20 ɗin da zai sayar ba tare da makinsa ya biya ba. Tallafin gwamnati, wanda ma'aikata suka fi kowa sanin hanyarsa, shi ma ya ja baya. Ɗaliban shirin musayar tallafi na BEA da ke Rasha, Maroko, Hangari da sauransu sun yi ta kukan rashin biyan alawus a 2024, a 2025 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da shirin. TETFund ta tsayar da tura malamai karatu ƙetare daga farkon 2025. Rancen NELFUND kuwa na makarantun gwamnati ne na cikin gida.

Akwai wata gaskiya da ta shafi masu karanta wannan shafi fiye da kowa, ba a kuma cika faɗinta a fili ba. Kuɗin shigar hadimi yana ɗaure ne da kujerar maigidansa. Wa'adin ɗan majalisa shekara huɗu ne, minista kuwa sanarwa ɗaya ta dare kan sauke shi, alhali digirin injiniya da shekarar share fage yana cin huɗu ko biyar. Ma'aikacin dindindin yana da nasa agogon: shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, darakta kuma wa'adin shekara takwas. Wanda ya rage masa shekara biyu a ofis, ya ɗauki nauyin karatun shekara biyar da fam, ya jingina uku daga ciki ne a kan fansho, ko a kan filin Lugbe da gidan Kubwa da za a sayar cikin gaggawa. Yaron da aka dawo da shi daga shekara ta uku ba shi da digirin can, ba shi da na nan, sa'o'insa kuma sun yi nisa.

Bayan tantancewa da kuɗi, abin da ya fi raba kwas da kwas shi ne yawan yadda ɗalibi ke taɓa aiki da hannunsa. A Jami'ar Waterloo ta Kanada kowane ɗalibin injiniya sai ya riƙa cakuɗa zangon karatu da zangon aiki mai albashi, har ya iya fita da gogewar da ta kai shekara biyu. A Amurka, Jami'ar Cincinnati ce ta fara wannan tsari a 1906, Northeastern da Drexel ma an san su da shi. Birtaniya tana da kwasa-kwasai masu shekarar aiki a tsakiya, jami'o'in kimiyyar aikace-aikace na Jamus kuma galibi suna da zango guda a masana'anta. Tsakanin tayi biyu masu kusan kuɗi ɗaya, mai wannan tsari ya fi, ko da ɗayar ta fi ta matsayi da hawa hamsin a jeri. Sai dai a tambaya: jami'ar ce ke samar da wurin aikin, ko ɗalibi ne zai nema da kansa, kuma baƙi nawa ne suka samu a bara?

Izinin aiki bayan kammalawa yana da muhimmanci, domin shekarun farko na aiki su ne ke mayar da mai digiri injiniya. Amurka tana ba da wata 12, da ƙarin 24 ga masu fannin kimiyya da injiniyanci. Kanada tana ba da har shekara uku, Jamus wata 18 na neman aiki, Birtaniya shekara biyu tun 2021, wadda gwamnati ta sanar da shirin rage ta zuwa wata 18. Amma wannan shi ne ginshiƙin da ya fi kowanne saurin girgiza, domin siyasar cikin gidan kowace ƙasa ce ke juya shi. A watan Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku. Dokar da aka gani ranar karɓar gurbi ba lallai ita za a tarar ranar yaye ba. Masu sha'awar injiniyan jiragen sama da sararin samaniya su ƙara da sanin cewa a Amurka dokokin tsaro sun keɓe yawancin ayyukan fannin ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin, a Birtaniya kuma wasu kwasa-kwasan matakin digiri na biyu sai da takardar izinin ATAS, wadda kan ci makonni.

Ga wanda ke da niyyar dawowa ya yi aiki a ayyuka irin su bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ko tashar lantarki ta Zungeru, ko matatar Dangote, akwai ƙananan abubuwa da ke da nauyinsu. Injiniyoyin gine-gine a Najeriya sun daɗe suna aiki da ƙa'idojin Birtaniya, irin su BS 8110, da na Turai da suka gaje su. Wanda ya koyi na Amurka da ƙafa da inci zai sake zama ya juya. Lantarkin Najeriya irin na Turai ne, ba na Amurka ba. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani ta lalata titi, injiniyoyin Indiya sun fi na Sikotland saninta, domin irinta ce shimfiɗe a tsakiyar ƙasarsu. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai hana haziƙi aiki, amma idan ma'auni ya daidaita suna iya rinjayar da shi.

Dillalan karatu, waɗanda ofisoshinsu suka cika Wuse da Garki, ba duka ne macuta ba, wasu sun san aikinsu. Sai dai a tuna cewa da yawansu jami'o'i ne ke biyan su la'ada a kan kowane ɗalibi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawarar dillali a kan cike takardu abar karɓa ce. Shawararsa a kan wace jami'a za a zaɓa kuwa, a fara tambayarsa wace ce ke biyansa.

Za a ce ai suna yana da ranarsa, kuma gaskiya ne. Wanda MIT ko Cambridge ko Imperial ta kira tare da cikakken tallafi, ba shi da abin tattaunawa, ya haɗa kayansa. A fannin manhajar kwamfuta, inda ba a cika tambayar lasisi ba, da kuma ga mai burin bincike, sunan jami'a da na malamin da zai rubuta takardar shaida suna buɗe ƙofofin da tantancewa ba ta buɗewa. Amma irin waɗannan takardu ba su da yawa. Zaɓin da ke gaban yawancin gidaje yana tsakanin jami'o'i ne masu matsakaicin matsayi, inda bambancin ta 180 da ta 320 ba zai dami wani mai ɗaukar aiki a Fatakwal ko Calgary ba. Akwai kuma takarda ta huɗu da akan ture gefe saboda kunya: gurbin ABU Zariya, ko Bayero, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Aibinsu sananne ne, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, ɗakunan gwaji da yawa kuma sun tsufa. Amma digiri ne da COREN ke sa wa ido, da wata shida na SIWES a ciki, da Naira ake biyansa, kuma manyan tallafin ƙetare, su Chevening da Commonwealth da DAAD da PTDF, galibinsu daga digiri na biyu suke farawa. Shekara ɗaya a Ingila ko biyu a Jamus ga mai shekara 23 da ya san abin da yake nema, nauyi ne da albashin mataki na 14 zai iya tunkara da dabara. Shekara biyar ga ɗan 17 wani abu ne daban.

Shi kansa ɗalibin ya kamata a bar masa alƙalami a wannan mataki, domin shi zai sha sanyin, shi zai zauna jarrabawar. Shi ya dace ya rubuta wa sashen da ya ba shi gurbi, ba ofishin talla ba, ya tambayi hukumar da ta tantance kwas ɗin da shekarun da tantancewar ta ƙunsa, da sharaɗin sabunta tallafi, da yadda baƙi ke samun wurin aikin koyo. Lokaci kuma ba ya jira: jami'o'in Amurka da yawa suna son amsa zuwa 1 ga Mayu, tsarin UCAS na Birtaniya kuma yana ba mutum damar riƙe biyu, tabbatacciya da ta ko-ta-kwana, don haka ta biyun ta zama mai sauƙin sharaɗi da sauƙin kuɗi. Kafin a je banki, a nemi ƙa'idar mayar da kafin alƙalami idan aka hana biza, a rubuce, a adana kwafinta, domin jami'o'i da yawa na Birtaniya ba sa sakin lambar CAS sai an biya shi, ofishin biza kuma ba ya karɓar takardar ɗalibi sai da wannan lambar.